Bidiyon Yayana Da Na Zaci Na Ajiye

Shekarun baya, lokacin ina ganiyar yawona, na taɓa mallakar wani tab, irin babbar wayar nan mai faɗi kamar faranti, mai tsagaggen gilashi. A hannun wani ɗalibi na saye shi a unguwar Rijiyar Zaki, can birni, inda nake zuwa ci-rani ina leburanci a gidajen da ake gina wa 'yan jami'a. Ni da makaranta tun a aji biyu na ƙaramar sakandare muka raba gari. Ba korata aka yi ba, zama ne kawai ba na iyawa. Na taɓa acaɓa, na taɓa sayar da rake, na zauna wajen mai walda sati uku na gudu. Amma ranar da na shiga ƙauyenmu, can gefen Kunci, da tab ɗin nan a hammata, sai na zama injiniya. Haka samari suke kirana, ni kuma ina amsawa ko kunya babu.

Abin da ya ba ni wannan sarauta shi ne garinmu ba sabis. In za ka yi kira sai ka hau tudun bayan firamare, ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Kallon bidiyo kuwa ba a ma zancensa. To ni duk sanda zan zo gida sai in sa data, in zauna a rumfar wani mai gyaran waya a Rijiyar Zaki, in yi ta sauke abubuwa. A manhajar da ake kallon bidiyon nan akwai wata 'yar kibiya a ƙarƙashin kowane bidiyo. Ka danna ta, ka jira ta cika, shi ke nan, ko a tsakiyar gona ka kunna zai yi ba tare da data ba. Ni a wajena magana ta ƙare. Abu ya shiga tab ɗina, ya zama nawa. Dambe, kokawa, wa'azi saboda dattawa, duk ina zuwa da su. Kuma ba na taɓa wuce sati biyu ko uku a gida ƙafata ba ta fara ƙaiƙayi na koma birni ba, shi ya sa ban taɓa ganin wata matsala ba.

Cikin abubuwan da nake saukewa har da na yayana. Shi ne babba a ɗakinmu, kuma tunda mahaifinmu ya rasu shi yake riƙe da gona da gida. Shi ya zauna, ni na yi ta gantali. Mutum ne dogo, mai dogon wuya, kuma Allah ya yi masa baiwar kwaikwayo. In ya kalle ka sau biyu ya ɗauke tafiyarka da tarinka. Shi da wani abokinsa da yake zaune a cikin garin Kunci suke ɗaukar 'yan gajerun bidiyo na barkwanci da wayar yayan nawa, abokin ya sa musu kiɗa, ya ɗora a shafinsa. Ba wasu masu kallo ne da yawa ba, amma a yankinmu kowa ya san shi.

Kowa ban da mahaifiyarmu. Ɗan fari ne, ita kuma irin matan da ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ba ta kallonsa ido da ido. In ya shigo tsakar gida sai ta sami abin yi a madafa. In ya gaishe ta, bango take amsa wa. Idan kuma akwai saƙon da dole ya ji, kajinta take gaya wa. Tana watsa musu tsaki tana cewa, “Ku ci, ku ci, ba don halinku ba.” Sai ta juya kan wata kaza wake-wake da take ji da ita ta ce, “Ke kuma gaya wa wancan mai dogon wuyan tuwonsa yana hucewa.” Shi kuma yana tsaye taku uku daga inda take.

Wannan ɗin ya ɗauka ya yi bidiyo da shi. Ya ɗaura zane, ya kafa ɗankwali, ya riƙe faifai, ya dafe ƙugu da hannu ɗaya yadda take yi. Ya yi gyaran murya sau biyu, irin nata sak. Ya zagi kaji, ya ba wake-wake saƙo. A ƙarshe sai dariya ta ƙwace masa, ya cire ɗankwalin ya kalli waya da muryarsa ta gaskiya ya ce, “Inna ke nan. Ta zaci ban san ni take ɓoye wa ƙanzo a ƙarƙashin akushi ba.” Duka bai kai minti uku ba. Matan maƙwabta sun sha zuwa su ce mata ta zo ta ga abin da ɗanta ya yi mata, sai ta ce ita ba ta da lokacin shirme.

Farkon damina aka kira ni ina kan gini. Motar 'yan kasuwa ta faɗi da su a hanyar dawowa, shi da buhunan takin da ya sayo. Kafin in iso an kai shi. Wayarsa ma ɓaraguzanta aka kawo a leda. Ba zan tsaya a kan wannan ba, wanda ya taɓa rasa nasa ya san sauran.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an shafa mutane sun fara raguwa, baffanmu ya kira ni gefe, shi da liman. Baffa ƙanin mahaifinmu ne, mutum mai sanyin magana, kuma ya so yayana ƙwarai. Ya ce abin da yake hana shi barci shi ne hotunan nan masu motsi. Ga kiɗa, ga namiji da zanen mata. Ya ce yaron nan yanzu ba ya iya ƙara komai ko rage komai, kada a bar shi yana kwance ana ta kallo ana dariya, ana ƙara masa nauyi. Liman bai tsawaita ba, ya ce gogewar ita ce gatan da ya rage a yi masa. Baffa ya dafa kafaɗata ya ce ni ne na san kan waɗannan abubuwa, ni zan yi.

Ku fahimce ni, a rayuwata ba a taɓa ba ni wani aiki a gaban liman ba. Ni ne wanda ake cewa bai zauna ba, bai yi karatu ba, bai yi noma ba. Ranar sai ga shi ana nemana. Na karɓi aikin nan da zafi. Na bi samarin gari ɗaya bayan ɗaya, majalisa majalisa, ina karɓar waya ina bincike har cikin memori ina gogewa. Wanda ya ce ya riga ya goge sai in ce kawo in gani. Har ƙauyukan da ke kusa na taka. Na je wajen masu turi a kasuwar Kunci, masu sa wa mutane waƙoƙi da finafinai a waya, na ce iyalan mamaci sun roƙa a cire. Babu wanda ya yi min musu. Ana maganar kabari wa zai yi musu?

Saura shafin da aka ɗora su. Na hau tudun firamare na kira abokin yayana. Na gaya masa abin da baffa ya ce.

“Ka san da wayarsa muka ɗauka,” ya ce. “Ni tawa ba ta da wuri, ina ɗorawa nake sharewa. In na goge na shafi, babu wani a duniya.”

“Goge kawai. Ina da su a tab.”

“Ka tabbata?”

“Kai da wa kake magana? Na sauke su tun tuni.”

Ya ce to. Kafin in sauko daga tudun ya goge.

Ga wayon da na yi a raina: na faranta wa baffa, na rufe bakin duniya, kuma ni kaɗai na rage da yayana a cikin jakata. Ban gaya wa kowa ba. Na ji kamar na fi kowa dabara a garin.

Daga nan gona ta faɗo kaina. Shuka ta fito, ga noman firi, wato na farko, ba mai yi sai ni. Karo na farko ke nan da na zauna a gida ba ranar tafiya. Hannuna ya yi ƙanta, bayana ya riƙe. Gidan kuma ya yi wani irin shiru. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ko ranar da aka kawo labari. Mata suna ta yaba mata, wai ta yi haƙuri, ta riƙe kunya har ƙarshe. Amma ni na lura ta daina yi wa kaji magana. Ta watsa tsaki ta juya, kamar mai zubar da shara.

Wata rana da hantsi ruwa ya koro ni daga gona. Na zauna a bayan rumbu inda rufi ya ɗan kare, na ciro tab na kunna bidiyon nan, na rage murya. Ban ji zuwanta ba. Ta zo ɗiban dawa ne da ƙwarya a hannu. Sai dai na ga inuwa a kan gilashin. Na kai hannu zan kashe, ta ce in bari. Tana tsaye a bayana har ya cire ɗankwalin ya yi maganar ƙanzo. Da ya ƙare ta koma ɗaki. Dawar ma ba ta ɗiba ba.

Washegari zan fita da fartanya ta tare ni a bakin ƙofa, tana kallon wani wajen. Ta ce, “Farantin nan naka, yana jin hannun kowa ko naka kaɗai?”

Na nuna mata inda za ta taɓa. Yatsanta ya bushe da aiki, gilashin ba ya jinsa sai ta ɗan jiƙa shi da yawu. Sau uku muka gwada ta iya. Daga ranar na riƙa barin tab ɗin a ƙarƙashin tabarmarta, bidiyon a buɗe. Duk bayan kwana biyu in kai shi wajen mai caji na sola in dawo da shi. Ba ma yin zancen. Ita ba ta ce ta kalla ba, ni ban tambaya ba. Batir ɗin ne yake gaya min.

Sau ɗaya na dawo shan ruwa na leƙa ta labule. Tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta ɗora tab ɗin a cinya, ta sunkuyo har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ta tsayar da shi daidai inda ya kalli waya. Ban san yadda aka yi ta koyi tsayarwa ba. Kallonsa kawai take yi. Shekara talatin da wani abu tana kawar da kai, yanzu ga shi ya tsaya mata cak, ba ya ganinta, ba wanda yake ganinta. Na koma gona ban sha ruwan ba.

A satin nan ne na ji ta da safe tana cewa kaji su ci ba don halinsu ba. A hankali ta faɗa, amma ta faɗa.

Rana ɗaya ce ta yi min maganar kai tsaye. Muna zaune ina gyara ƙotar fartanya ta ce, ita fa ta ji abin da baffa ya faɗa ranar bakwai, ta bayan zana. Ta ce, “Kallon nan da nake yi, shi ake rubuta wa?”

Ni ba malami ba ne. Na ce mata ni aka ce in goge na ƙi, in akwai abin rubutawa ni za a rubuta wa.

Sai ta ce, “To a raba mana, ni da kai. Shi dai a ƙyale shi.”

Yanzu ga inda injiniya ya nuna kansa. Kwanaki kafin abin ya faru, duk sanda na buɗe manhajar sai wani rubutu na Turanci ya fito a ƙasa, layi biyu. Ni Turancina iyakarsa sunayen kayan gini. Na ɗauka talla ce irin wadda suke damun mutane da ita. Sai in sa yatsa in ture shi kamar ƙuda. Har Inna na koya wa turewa. Na ce in ya fito ta share shi gefe, ba komai ba ne. Akwai malamin firamare a garinmu, gidansa bai fi taku ɗari daga namu ba. Minti ɗaya ya ishe shi ya karanta min. Amma ta yaya injiniya zai kai wa wani tab a karanta masa? Kuma ina tsoron ya ga abin da na ɓoye.

Saura 'yan kwanaki a yi arba'in, na dawo daga maimai, noma na biyu, da azahar na tarar da ita a tsakar gida, tab a hannu, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce ta jiƙa yatsa har ta gaji, ya ƙi. Na karɓa. Duk bidiyoyin da na sauke sun yi fari-fari kamar an shafa musu toka. Hoton yana nan, ga shi da ɗankwali, amma in ka taɓa sai rubutu ya fito. Na kashe na kunna. Na cire memori na mayar. Na hau tudu na ɗaga shi sama har hannuna ya gaji. Na dawo na ce mata ƙaramin abu ne, data yake so, in na je birni minti biyar an gama. Ni kaina na yarda da abin da na faɗa.

Da asuba bayan na idar da salla na ga ta ɗaure ƙafar wake-wake ta ajiye min a bakin zaure. Ta ce in sayar in yi kuɗin mota. Na ce ina da shi. Ta ce ba tambayata ta yi ba.

Na isa Rijiyar Zaki rana ta take. Mai gyaran wayar nan ya yi min gaisuwa, ya jawo min benci. Na sa data na buɗe manhajar. A kan idona suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Dambe ya dawo, kokawa ta dawo, wa'azi ya dawo. Har na fara murmushi. Da aka zo kan na yayana sai hoton ya ɓace. Wani baƙin fili ya maye gurbinsa, ba fuska, ba ɗankwali. Na taɓa, na sake taɓawa. Na miƙa wa mai gyara.

Ya karanta rubutun ya tambaye ni ko mai shafin ya goge bidiyon. Na ce e, amma ai ni na riga na sauke nawa tun kafin a goge.

Ya kalle ni, irin kallon da likita yake wa mutum kafin ya yi magana. Ya ce wannan kibiyar ba ba ka take yi ba, aro take ba ka. Abin yana cikin tab ɗinka amma a kulle, makullin yana hannun masu manhajar. Duk bayan kamar wata guda sai ka haɗa shi da data sun duba ko na asalin yana nan. In yana nan su sabunta maka. In babu, su ɗauke naka. Gargaɗin da rubutun nan da nake turewa yake yi min ke nan. Ya ce kamar ka zuba hatsinka a rumbun wani ne, kana ɗiba kullum har ka manta ba naka ba ne.

Na ce ya buɗe tab ɗin ya ciro shi, ko nawa ne. Ya ce ba abin da zai ciro. Na ce akwai masu dawo da abin da aka goge. Ya ce ba irin wannan ba. Ya kira wani ɗalibi da ya zo karɓar waya ya nuna masa, shi ma ya girgiza kai. Sai ɗalibin ya tambayi kwana nawa bidiyon ya yi yana kunnuwa a hannuna bayan an goge. Na ce ya fi sati uku.

“Ai da ka ɗora wata wayar a kai ka ɗauka,” ya ce. “Ko ƙaramar waya ce. Minti uku ne fa.”

Bai faɗa da mugunta ba. Ya karɓi wayarsa ya tafi. Ni kuwa na zauna a bencin nan ina lissafa wayoyin da suka ratsa hannuna a makon gogewa. Kowacce tana da kyamara.

Ban wuce gida kai tsaye ba. Na sauka a Kunci na nemi abokin yayana. Ya buɗe shafinsa a gabana, ya shiga ko'ina, babu. Bai ce ai na tambaye ka ba. Da ya faɗa ma da na fi jin sauƙi. Muka zaga wajen masu turi tare, ko Allah zai sa wani ya yi min ƙarya a wancan karon. Kowa ya ce wallahi ya cire tun ranar da na zo, har wani yana cewa ai shi ba ya wasa da haƙƙin mamaci. Na yi aikin da kyau. A duk abin da na taɓa sa hannu a rayuwata, shi ne kaɗai na yi har ƙarshe ban bar saura ba.

Na shiga gida bayan la'asar. Tana tsakar gida tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba, amma hannunta ya tsaya. Na durƙusa na ajiye tab ɗin a gefen tabarma. A mota na shirya ƙarya kala uku, cewa sai an kwana biyu, cewa an tura Legas, cewa mai gyaran ba ya nan. Da na ga yadda ta goge hannunta a zane tana shirin karɓa, duk suka gudu. Na gaya mata yadda abin yake. Na ce babu shi, kuma ba za a same shi ba, kuma ni na sa aka goge na asalin da bakina.

Ta ɗauki tab ɗin ta jiƙa yatsa ta taɓa inda ta saba taɓawa. Ta daɗe tana kallon baƙin filin nan. Na jira faɗa, na jira kuka. Sai ta kifa shi a cinyarta, ta kira sunan yayana. Sunansa na yanka, cikakke, yadda liman ya raɗa masa. Ta ce, “Ka tafi ke nan.”

Ranar na fara jin sunan a bakinta, kuma ban sake ji ba.

Da na miƙa hannu zan ɗauke tab ɗin ta ce in bar mata. Na ce ai ba komai a ciki. Ta ce ta sani, amma a nan ya zauna. Yana ɗakinta har yau, a naɗe cikin ɗankwali a bayan jeren kwanoninta. Batirinsa ya kumbura tuntuni.

Baffa bai taɓa sanin wannan labari ba har ya koma ga Allah. Ranar arba'in ya sa min albarka a gaban mutane, ya ce na yi wa ɗan'uwana abin da ya dace. Na sunkuyar da kai na ce amin. Kuma har yanzu ban ce ya yi kuskure ba. Wataƙila abin da ya so wa yayana shi ne ya tabbata, ta hanyar da ni ban shirya ba. Wannan na bar wa masu ilimi. Abin da na sani nawa ne shi ne, da zan goge in goge, da zan ajiye in ajiye da gaske. Ni na tsaya a tsakiya ina wayo, na miƙa wa tsohuwa ɗanta, na koya mata inda za ta taɓa, ban san aro na ba ta ba. Rasuwar farko Allah ne ya kawo. Ta biyun da girman kaina a ciki, saboda layi biyu na Turanci da na ƙi kai wa maƙwabci ya karanta min.

Yanzu ina da 'yar rumfata ta caji da turi, na ɗan zauna wuri ɗaya. In mutum ya zo da bidiyon tsohonsa ko muryar wani nasa, sai na sa masa a memori, na sake sa masa a wani wurin, sannan in kashe data in kunna a gabansa. Wasu suna cewa na cika naci. In rubutu ya fito wanda ban gane ba, ko yaro ne ɗan makaranta yake wucewa sai in kira shi ya karanta min. An daina kirana injiniya, ni na hana.

Inna tana nan da ranta, ta tsufa. Ba ta taɓa tayar min da zancen ba, ko sau ɗaya. Na sayo mata wata kaza wake-wake a madadin waccan, ta karɓa ta yi godiya. Duk sanda na je gida nakan zauna a bakin rumbu da safe lokacin da take fitowa da tsaki, ina yi kamar ina gyaran wani abu, ina kasa kunne. Takan watsa wa kajin, ta tsaya kaɗan tana kallonsu suna ci. Wani lokaci har ta yi gyaran murya sau biyu. Sai ta kakkaɓe faifan ta koma ɗaki.